Hazon Safiya da Halittun Fadama

Zancenmu na yau a kan fadama ne, da abin da mutum ke gamuwa da shi can in ya yi sammako da sanyi.

Ku mutanen Ɗanbatta kun san ƙasarku cike ta ke da gonaki, ba wani daji babba. Saboda haka namun da suka rage duk bakin ruwa suka tattaru, musamman wajen madatsar ruwan Tomas, wadda aka gina a shekarun 1970.

Da fari, ku sani hazo iri biyu ne. Na ɗaya ƙura ce. Iskar hunturu ke kwaso ta daga wani busasshen tafki a ƙasar Cadi, ana ce da wurin Bodele. Ita ce ke fasa leɓe, ta sa tari. Na biyu kuwa tururin ruwa ne. Da dare iska ta kan yi sanyi, amma ruwa ya riƙe ɗuminsa na rana. To, da asuba tururin da ke tashi sai ya gamu da sanyi, ya kwanta bisa ruwa fari fat kamar auduga. Da hantsi ya ɗaga sai ya watse.

In ka tsaya shiru cikin wannan hazo, kunne ke riga ido. Za ka ji fiton kirinjijiya tun ba ka gan ta ba. Can sai ka hangi zalɓe tsaye cikin ruwa, ba motsi, yana dakon kifi. Belbela na wucewa garke garke, za su wurin shanu. Guza na kwance bakin gaɓa, ba ta da kuzari sai rana ta gasa ta. Maciji ma haka ya ke. Kasa ba ta gudu in ta ji tafiya, don haka kada ka ratsa ciyawa ba takalmi, ba sanda.

Ƙarƙashin laka kuma akwai abin mamaki, watau gaiwa. In ruwa ya janye sai ta nutsa cikin taɓo, ta rufe jikinta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni tana shaƙar iska, har ruwa ya komo.

Waɗansu tsuntsayen da ku ke gani da sanyi baƙi ne. Daga Turai su ke zuwa, su ƙetare teku da hamada, su sauka fadamunmu. Masana kan sa wa waɗansu zobe a ƙafa, da lamba a jiki, don a san hanyarsu. Kai da ka iya karatu yanzu, in ka tsinci mushen tsuntsu da zobe, karanta, ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Babban masaukinsu yana gabas da mu, a fadamun Haɗeja da Nguru. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa.

Amma fa fadama ba ta dawwama in ba a kula ba. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke kaiwa can ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe magudanai da yawa. Gauraka, wadda dattawa suka saba jin kukanta, yau da wuya a gan ta, gama an yi ta kama ta ana sayarwa.

To, me ya shafe ka? Belbela da shamuwa fara su ke ci, da tsutsar da ke ɓata amfanin gona. In sun ƙare, wa zai yi maka wannan aiki kyauta? Wanda ya zuba guba a ruwa don ya kwashi kifi ya kashe manya da ƙanana, baɗi ba abin da zai kama, ga shi kuma mutane da dabbobi na shan ruwan. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Abu uku mu ke roƙo. Kada ku zuba guba a ruwa. Kada ku kwashe ƙwai daga sheƙa. Kada ku sa wa ciyawar bakin ruwa wuta. Ku gaya wa 'ya'yanku masu danƙo haka nan. Mu kwana lafiya.