Waƙar Reno a Ranar Awo: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

A asibitoci da yawa na ƙasar nan, ranar awon jarirai, kafin a fara ɗora su bisa sikeli, malamar asibiti ta kan zaunad da mata su yi waƙa da tafi, kowace da ɗanta a cinya. Mai wucewa ta bakin ƙofa ya kan ji ya ce an mai da asibiti dandali. A kan sami magidancin da zai hana matarsa zuwa saboda wannan. In magana irin wannan ta zo gaban hakimi, ya kamata ya zama ya san amfanin abin tukuna, kāna ya ba da amsa.

Da fari dai waƙar reno ba baƙuwa ba ce. Kaka ta kan yi wa jikanta, 'yar reno ta kan yi wa ƙanenta, mace kuma ta kan yi waƙa tana niƙa ko tana lugude da goyo a bayanta. Babu kalangu a ciki, babu roƙo, ba a kuwa ba kowa ko kwabo. Abin da asibiti ya ƙara kawai shi ne tara matan wuri ɗaya.

Likitoci sun tabbatar jariri ya kan fara jin sauti tun yana ciki, wajen wata na shida ko na bakwai. A 1980 aka gwada a Amurka, aka ga jaririn da bai wuce kwana uku ba yana bambanta muryar uwarsa da ta wata mace. Hausa kuwa harshe ne da ke tafiya da hawa da saukar murya. Kukan yaro da kukar miya, haruffansu ɗaya, saukar murya a ƙarshe ce ta raba su. Waƙa tana jan kalma, tana maimaita ta, har kunnen yaro ya saba da irin wannan bambanci tun bakinsa bai buɗe ba.

Akwai kuma batun ɗan fari. Kowa ya san yarinya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane. Ba a nufin rushe wannan kunya. Amma in mata ashirin suna waƙa gaba ɗaya, ba wanda ke duban bakin kowa, sai ita ma ta bi, yaron kuwa ya sami muryar da ya fi so.

Babban dalilin da ya sa aka kawo maganar nan gaban hakimai shi ne kurumta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 yara wajen miliyan 34 ne a duniya ba sa ji sosai, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abin da za a iya tarewa ne. Ƙyanda tana kashe kunne, haka sanƙarau, da shawarar jarirai in ta yi tsanani, da ruwan kunne da aka bari ya daɗe. Dattawa ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai waɗanda ba su sake ji ba.

Wahalar ita ce kurman jariri ba ya nuna alama a fuska. Yana dariya, yana kuka, yana shan mama kamar kowa. A gida sai ya kai shekara biyu ko uku ana cewa nauyin baki ne. Amma a cikin taron waƙa ido ya kan kama shi da wuri, gama ga sa'o'insa a gefe. Ɗan wata biyu ya kan zabura in an yi tafi da ƙarfi. Ɗan wata shida ya kan waiwaya wajen murya. Kafin wata goma ya kamata a ji yana gwalantu, yana maimaita gaɓa ɗaya. Wanda bai yi ko ɗaya ba, a lura da shi. A yi hattara kuwa, don kurma yana da ido: yana ganin hannuwa suna tafi sai ya yi murna ya kwaikwaya. Saboda haka a kan koma bayansa a kira shi, inda ba ya gani. Wannan ba shi ne gwajin likita ba, dalili ne kawai na kai yaro wurin likitan kunne. In an gane da wuri, wani a warkad da ruwan kunnensa, wani a sa masa na'urar ji, wani a fara masa maganar hannu shi da iyayensa, tun bai rasa shekarun koyon harshe ba.

Abin da a ke nema wurin hakimi ba mai tsada ba ne. Ya umurci dagatai da masu unguwa su gaya wa magidanta cewa da saninsa a ke taron. A sami rumfa da tabarmi, kada mata su tsaya a rana. A duba kada ranar awo ta ci karo da ranar kasuwa. A tuna musu lokatan allurar rigakafi: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan wata 9 da wata 15, waɗannan biyu na ƙarshe su ne lokatan allurar ƙyanda. Wajen bikin suna kuma, a nisanta ɗan kwana bakwai daga bakin lasifika.

Magatakarda ya ware shafi cikin littafinsa. Duk yaron da malamar asibiti ta yi shakkar jinsa, a rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu da ranar da aka ce a kai shi babban asibiti. Bayan wata guda mai unguwa ya zo ya faɗi ko an kai shi, in ba a kai ba kuma ya faɗi dalili, a rubuta a gaban sunan.