Aikina Daidaita Mudu Ne: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An ce in bayyana aikin da nake yi a gwamnati, tunda wasunku sun ɗauka gyaran kwamfuta nake yi. To, aikina daidaita mudu ne.

Kun san kwanon awo na kasuwar Dambatta da na Bichi ba lallai su zo ɗaya ba. Haka bayanan motoci suke. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da rajistarta, ofishin haraji da tasa, KAROTA ma haka. Direba ɗaya, nan Muhammadu, can Mohammed. Kwamfuta kuwa ba ta da kara, mutum biyu za ta ƙirga. In ya yi ɓarna a hanyar Kazaure, sai a nemi tarihinsa a rasa.

Mu ke tsara yadda kowa zai rubuta suna, kwanan wata da lambar mota, har na'urorin su fahimci juna. Lambar NIN ta rage mana wahala. Na'ura ba ta gardama. Shawo kan manya su yarda da mudu ɗaya shi ke cin watanni.

Masu wannan aiki 'yan kaɗan ne. Ina roƙon ƙungiya ta sa ɗakin kwamfuta na ƙannenmu a kasafin bana.