Hanyar Ƙaura Namoda zuwa Gurbin Ɓore

Idan masu sha'awar motoci suka shirya yawon buɗe ido na ƙarshen mako, da wuya su ambaci arewacin Zamfara, alhali hanyar tana da abin kallo. Daga Gusau a nufi Ƙaura Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929, kuma garin na ɗauke da sunan Namoda, jarumin da ya yi fice wajen cin Alƙalawa a 1808. Daga nan a ratsa Zurmi zuwa Gurbin Ɓore, a ɓulla Jibiya ta jihar Katsina. Da kaka, gero da dawa sun rufe gefen titi, ga rumbunan laka jere a bakin ƙauyuka. Wanda ya karkata Shinkafi ranar Alhamis kuwa zai tarar da kasuwa ta cika maƙil.

Za a ce ai 'yan bindiga sun hana, kuma gaskiya ne. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ba wanda zai ce a jera motoci a shiga daji don nishaɗi yau. Amma barin hanya a manta da ita yana ƙara mata duhu. A fara da Gusau zuwa Ƙaura da rana tsaka, bayan an tuntuɓi masarauta da jami'an tsaro da direbobin haya na tasha, domin su suka san halin da titin ya kwana a ciki. Zangon Gurbin Ɓore a rubuta shi cikin tsarin tafiyar, a jira direbobin su ce ya buɗe.