Dillalai da Gwanjon Gidajen Masu Bashi a Ƙasar Gazawa

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Kowa a ɗakin nan ya san yadda ƙasa ta yi tsada daga Gidan Rumji zuwa Agye da Gazawa, ya kuma san gonakin da aka jinginar a yunwar 2005 waɗanda har yau ba su dawo hannun masu su ba. Ba zan maimaita ba. Abin da ya kawo ni shi ne gidan da aka ba banki ko asusun lamuni jingina, bashi ya gagara biya, aka zo sayarwa, dillali ya shigo tsakani.

Wasu abokan aikina, na ga biyu daga cikinsu a nan gaba, sun daɗe suna cewa matsalar jahilci ce da rashin takarda: a wayar da kan jama'a, kowa ya je hukumar filaye ta COFO da dokar ƙasar karkara ta 1993 ta tanada ya yi rajista, shi ke nan. Ban yarda ba. Mutanen da nake magana a kansu su ne masu takarda, don banki ba ya karɓar jinginar gida da fatar baki. Takardar ce ta kai su bakin banki, kuma ba ta hana a yi musu wulaƙancin farashi ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke aiki da ita ta ce ba a sayar da gidan mai bashi sai ta hanyar gwanjo a bainar jama'a, bayan an ba shi sanarwa da wa'adin kwana 20. Mai bin bashi ne ke faɗin kuɗin da za a fara taya gidan da shi, kuma doka ta ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan. Ku riƙe wannan: rubu'i. Doka ta sa shi ya zama wurin farawa, masu taye su yi ta hawa. Dillalan da nake kuka da su sun mai da shi wurin tsayawa.

Mu yi misali. A ce gida ya kai sefa miliyan 8, bashin da ya rage miliyan 3. An buɗe taye a miliyan 2. In mutum goma suka zo da niyyar saye, gidan zai kai 6 ko 7, banki ya ɗauki nasa, a cire kuɗin shari'a, ragowar ta koma hannun mai gida ya nemi inda zai sa iyalinsa. Wannan ragowar haƙƙinsa ce. Amma in dillali ya riga kowa jin labari, ya ɓoye, ya tafi da attajirinsa guda ɗaya da yara biyu da za su yi tayen ƙarya su ja da baya, sai gidan ya faɗi a miliyan 3. Banki ya fita, bai da sauran magana. Bayan wata biyu dillalin nan ya sake sayar da gidan a farashinsa na gaskiya, ya ci la'ada sau biyu. Miliyan 5 ɗin da ke tsakani, daga bakin 'ya'yan mai gida aka cire su. Na taɓa zama da wani dattijo da aka yi wa haka, abin da ya fi ci masa rai shi ne dillalin da ya zo masa jaje shi ne ya kawo mai sayen.

Za a ce ai ana liƙa sanarwa, ana bugawa a jarida. Da Faransanci, a bangon kotu. Manomin Gazawa nawa ne ke karanta bangon kotu? Doka ta kuma ba kowa damar ƙara taye da kashi ɗaya cikin goma a cikin kwana 10 bayan gwanjo, amma wanda bai ji an yi ba, ta yaya zai ƙara?

Ban ce a kashe dillanci ba. Sana'a ce ta kaka da kakanni, kuma dillalin kirki amana ce ke ciyar da shi. Malamanmu na nan, sun san hukuncin najashi, wato taya kaya ba da niyyar saye ba don a yaudari wani. Haɗa baki a danne farashin kayan wanda bashi ya kayar, zalunci ne irin wancan.

Abin da nake nema ba sabo ba ne, na sha faɗa. A riƙa shelar kowane gwanjo da Hausa a rediyon gari da ranar kasuwa, a faɗi unguwa da kuɗin farawa. Dillali ya bayyana gaban shaidu wa yake yi wa aiki, a rubuta la'adarsa, kada ya ci ta gaba ya ci ta baya. Mai ƙiyasta darajar gida kuma ya zama wanda bai da alaƙa da mai saye.

Magadan gari da sarakuna, shela ba ta buƙatar sabuwar doka daga Yamai. Ina roƙonku ku fara ta tun daga gwanjo na gaba.