Canja Fankar Hita a Tsohuwar Fijo: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalar tarbiyyarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai da kuka taso daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da sauran wurare, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Bayan haka, kwamiti ya nemi a bana masu sana'ar hannu daga cikinmu su yi wa taro bayani a kan abin da suka sani. Ni sana'ata wayarin mota, don haka zan yi magana a kan wani ƙaramin ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, wato injin fankar hita da ke ɓoye a bayan dashbod na tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Na ga wasu sun fara murmushi, suna cewa me ya haɗa mutumin Gumel da hita, alhali zafin bazara ke neman kashe mu. Ku yi mini haƙuri kaɗan.

Da farko bari mu tuna wace ce wannan mota. An fara fitar da ita a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. Faransa ta daina ƙera ta tuntuni, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati a zamanin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, kuma mai dogon baya ɗin nan mai layin kujeru uku ita ta riƙa ɗibar mu zuwa Kano ta Gujungu, ko zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Yau ko ƙaramar cikinsu ta yi kimanin shekara ashirin. A Turai masu sha'awar tsofaffin motoci ke ajiye ta don ado. A nan kuwa waɗanda suka rage har yanzu aiki suke yi.

To, mene ne amfanin fankar? Idan ruwan sama ya sauko a watan Agusta aka rufe tagogi, numfashin fasinjoji yakan cika mota da laima. Gilashin gaba ya fi iskar ciki sanyi, saboda haka laimar sai ta kwanta a kansa ta ciki, kamar yadda raɓa ke kwanciya a jikin kofin ruwan sanyi. Waifa ba ta isa wurin, domin ita a waje take. Fankar nan ce ke hura iska ta ƙananan kafofin da ke gindin gilashi ta busar da shi. In ta mutu, sai ka ga direba da tsumma a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya hannun, yana goge ɗan wurin da zai leƙa. Ku auna wannan da daddare a hanyar Maigatari ranar kasuwa, ga manyan motoci ɗauke da shanu, ga amalanke babu fitila, ga masu babur. Rayukan mutum takwas ko tara suna rataye a kan tsumma. Ɗumin da take bayarwa da asubahin hunturu ƙari ne kawai.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Ruwan zafi daga inji yana bi ta cikin wata ƙaramar lagireto da ke cikin akwatin hita, fanka kuma ta tura iska ta cikinta. Injin fankar yana cin wutar batir mai bolt 12. A cikinsa akwai gawayi biyu da muke kira burushi, masu gogar tagullar da ke juyawa, da kuma bushin biyu da sandar ke juyawa a cikinsu. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa: tana shiga ta kafar iska da ke ƙasan gilashi, ta haɗu da ɗan man da ke cikin bushin ta zama kamar laka. Da farko za a ji ƙara, daga nan ta riƙa juyawa da kyar, rannan sai ta tsaya cak. Wani lokaci ma ɓera ne ya yi sheƙa a ciki.

Ga ka'ida ta farko: kada a kwance komai sai an tabbatar injin ne ya mutu. Sau da yawa laifin yana waje, inda hannu ke isa cikin minti biyar. A fara duba fis. Daga nan a duba makunni, da wayar da ke haɗe da jikin mota, domin tsatsa a wurin tana hana wuta zagayawa. Idan fankar tana aiki a babban gudu kaɗai, to razista ce ta ƙone, wato 'yar nannaɗaɗɗiyar wayar da ke rage ƙarfin wuta. A ƙarshe a ja waya mai fis daga batir kai tsaye zuwa wayar injin. In ya juya, lafiyarsa ƙalau, a nemi cutar a wani wuri. In ya yi shiru, sannan ne za a ɗauko sifana.

A nan zan ja kunnenmu duka. Idan fis ya yi ta ƙonewa, kada a naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari. Malamanmu na kimiyya suna zaune, za su tabbatar: injin da ya maƙale yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja idan yana juyawa. Fis yana ƙonewa ne don ya ceci wayoyi. In aka hana shi, wayar da ke bayan dashbod ce za ta yi zafi, ga roba, ga soso, ga ƙura. Motoci da dama sun tashi da wuta ta wannan hanya.

Ka'ida ta biyu ita ce haƙuri, domin wanda ya ƙera motar ya fara ɗaura akwatin hita ne sannan ya rufe shi da sauran kaya. A cire kan batir da ke haɗe da jikin mota kafin komai. A sa wa kowace waya alama da salatef, a rubuta lamba, ko a ɗauki hoto da wayar hannu kafin a zare ta. A ajiye notinan kowane sashe a gwangwaninsa daban. Robar da ta shekara talatin a ranar Gumel ta bushe kamar ƙwarya. In ta ƙi fita, akwai wani noti da ba a gani ba, a laluba da madubi da tocila, kada a ɓamɓare. Idan sai an cire tiyon ruwa, a bari inji ya huce, a tsiyaye ruwan lagireto tukuna. Aiki ne na kwanciya a rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari, kuma yakan ci yini guda.

Idan injin ya fito, a buɗe shi a gani. Wani sabon burushi da wanki da ɗigon mai kawai yake so. Wanda ya ƙone kuwa sai a nemi wani a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da tsohon a gwada tsawo da kaurin sanda, a kuma sa wa sabon wuta a gaban mai shago. Araha ba ta ado. A lura da wayoyi biyun nan: in aka juya su, yawancin irin wannan inji baya zai juya, a ji ƙara amma iska kaɗan. Tun da an riga an buɗe, a duba ƙaramar lagireto ko tana yoyo, a share akwatin, a sabunta soson da ke toshe gefuna. Sannan a gwada kowane gudu kafin a mayar da dashbod, don kada a yi aiki biyu.

Ranku ya daɗe malamai, wannan ya kawo ni ga roƙona. A 1982 aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4, aka sayo injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin masu koyarwa. Masu wayarin da suka san Fijo ciki da bai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaran gareji kuma da yawa sun iya canja kaya amma ba su iya gano cuta ba. Ina roƙon ƙungiya ta sayi tsohuwar 504 guda, ko da ba ta tashi, a ajiye ta a ɗakin sana'a na makarantarmu. Ni na ɗauki alkawarin zuwa Asabar ɗaya a kowane wata in koyar kyauta, kuma zan ba da ƙwan gwaji da sifanu. Yaron da ya koyi bin waya daga batir zuwa fis zuwa makunni zai iya gyaran famfon sola da janareta da firiji, ya ci abinci a ko'ina. Ina fata sakatare zai sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi.

Masu Fijo a cikinmu kuma, ku kunna fankarku yau kafin ku bar harabar nan. In ba ku ji iska a gilashi ba, ku gyara kafin damina.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, ya kiyaye mu a kan hanya, ya bar zumunci.