Idon da ke gudun haske: ba kullum ba ne Afolo



Kakar bara, ƙanena yana gaban injin casar masara a gonarmu ta wajen Bakori, sai ƙaiƙayi ya faɗa masa a ido. Ya murza, ya ci gaba da aiki. Washegari ko labulen ɗaki aka ɗaga sai ya rufe fuska, hawaye na zuba. Kowa a gida ya ce Afolo ne, har da ni mai digiri, wallahi. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis, wata gwaggonmu kuma ta kawo shawarar ruwan sikari.

Da abin ya ƙi, muka tafi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ashe ƙaiƙayin ya karce fatar nan mai haske da ke rufe baƙin ido. Wurin cike yake da jijiyoyi, shi ya sa 'yar ƙujewa kaɗan ke sa mutum ya kasa kallon ko fitilar waya. Kuma abin da ya fito daga tsiro yakan zo da ƙwayar cuta irin ta funfuna. In maganin da ka ɗiga yana da sinadarin siteroyid, jan ya ragu, ka ɗauka sauƙi ne, alhali gyambon ci yake yi. Nan ake samun hakiya. Ƙanena ya tsira da ganinsa, amma da ɗan tabo.

Tun daga Funtua har Malumfashi, lokacin casa da shiƙa, mutum nawa ne ke sa tabarau?

Akwai wasu dalilan: ciwon ɓarin kai, ƙyanda ga yara, hasken walda, maganin feshi in ya fantsama, da daɗewa kan waya cikin duhu.

Wanda ba ya jira shi ne sanƙarau. Mun ga yadda ya yi ɓarna a 2017, daga Zamfara har nan Katsina. In gudun haske ya haɗu da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, musamman da bazara, kar a tsaya neman maganin ido. A nemi mota a tafi asibiti a daren.

In kuwa ƙaiƙayi ne, kar ka murza. Wanke da ruwa mai tsabta, in ka wayi gari haske na damunka, nemi ma'aikacin ido a ranar.