Jawabin Tunawa da Ɗan Ajinmu, Badamagare



An ba ni minti biyar in yi magana a kan allon da ƙungiya za ta kafa a ɗakin taron makaranta, mai ɗauke da sunayen 'yan'uwanmu da suka rasu a bakin aikin ƙasa. Na ji an ce wai a bar sunan ɗan ajinmu, wanda muke kira Badamagare, tunda ba harsashi ne ya kashe shi ba. Wannan magana ce ta tashe ni.

Ƙannenmu na baya ba su san shi ba. Farin 1973 ne ya koro iyayensa daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram, bayan dabbobinsu sun ƙare. Ya iso Kano yana yaro, ya shiga firamare a makare, shi ya sa ya girme mu duka a aji. Malaminmu na lissafi, ga shi nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya, zai tuna yadda muke tsokanar sa saboda Hausarsa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi. Da muka gama a 1983 wasunmu suka wuce jami'a. Shi yana da ƙanne a wuyansa, sai ya tafi Difo na Zariya ya ɗauki kaki.

A ƙarshen 1989 Charles Taylor ya ta da yaƙi a Laberiya. Ranar 24 ga Agusta, 1990, rundunar ECOMOG ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, da sojojin Nijeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya, marigayi yana cikinsu. Ba a yi mako uku ba mutanen Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a hedikwatar rundunar. Wannan kowa ya ji shi a rediyo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da garin ke ciki. Babu wuta, famfo ya ƙafe, gawawwaki a kan titi, ga damina irin ta Monrobiya wadda ruwanta a shekara ya ninka na Kano fiye da sau huɗu. Rijiyoyi suka gurɓace, amai da gudawa ya shiga gari. Soja kuwa inda aka ajiye shi nan zai tsaya, ruwan da ya samu shi zai sha. Wani abokin aikinsa da ya kawo wa mahaifiyarsa jakarsa ya shaida mana cewa kwana biyu kacal ya yi a kwance. A can aka yi masa sutura.

To jama'a, wa ya kai shi bakin wannan rijiya in ba aikin da aka tura shi ba? Malamai ma sun karantar da mu cewa wanda ciwon ciki ya kashe yana cikin shahidai. Ni dai a ganina, yaron da yunwa ta raba da ƙasarsa, ya zo tamu ya yi mata rantsuwa, har ya bar ƙasusuwansa a ƙasa ta uku, ba mu ne za mu tsaya muna auna masa irin mutuwar da ta isa hawa allo ba.

Roƙona biyu ne, ranka ya daɗe. A rubuta sunansa kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Sannan ƙungiya ta wakilta mutum biyu su je Zinder, inda mahaifiyarsa ta koma bayan rasuwarsa. Ta tsufa ƙwarai, ido ma ya tafi. A kai mata hoton allon ko da jikokinta ne za su karanta mata. Kuɗin motar mutum ɗaya na ɗauka, ma'aji ya rubuta.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan sauran mamatanmu. Wassalamu alaikum.